TAUSAYIN YARO AMANA NE: NASIHA A KAN DABBOBIN WASA NA INTANET

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci rahama ya sanya wani yanki nata cikin zukatan bayinsa, har uwa take jin ƙan ɗanta, dabba kuma take ɗaga kofatonta don kada ta taka jaririnta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, nasiharmu ta wannan fitowa ta shafi wani nau'in wasan yara ne wanda ya samo asali daga ƙasashen nesa, amma irinsa ya riga ya shigo gidajenmu ta cikin wayar salula. Wasan kuwa shi ne kiwon dabbar da ba ta da rai: yaro ya riƙa ciyar da hoton kyanwa ko na kare, yana yi masa wanka, yana kwantar da shi barci. Wani zai ce wannan ƙaramin al'amari ne da bai kai a hau mumbari dominsa ba. To amma duk abin da yake cin lokacin yaro, da dukiyar mahaifinsa, yana kuma sassaƙa ɗabi'arsa, ba ƙarami ba ne a ma'aunin Shari'a.

ASALIN ABIN DA YADDA YAKE AIKI

A shekarar 1996 wani kamfani na ƙasar Japan mai suna Bandai ya fitar da wata ƴar na'ura mai siffar ƙwai, ana ce da ita Tamagotchi. A cikinta akwai hoton wata halitta mai kukan yunwa, wadda idan aka yi sakaci da ita sai ta mutu. Yara suka shagala da ita har wasu makarantu suka hana shigowa da ita aji. A 1999 aka buɗe wani dandali na intanet mai suna Neopets, inda ake kiwon irin waɗannan dabbobin hoto.

Sa'an nan a 2005 kamfanin Ganz na ƙasar Kanada ya zo da dabarar da ta haɗa kasuwa da intanet, ya sa mata suna Webkinz. Sai a sayi ƴar tsana mai laushi da aka ɗinka da ƙyalle cikin siffar kare, ko kyanwa, ko zaki. A jikinta an rataya takarda mai ɗauke da lambar asiri. Idan yaro ya shigar da lambar a kwamfuta, sai hoton wannan dabba ya bayyana yana motsi. Yaron ya raɗa mata suna, a ba shi ɗaki dominta, a ba shi wasu kuɗin wasa da ake kira KinzCash, waɗanda da su zai sai mata abinci da tufafi da gado. Akwai ma'auni da ke nuna yunwarta, da lafiyarta, da farin cikinta. Idan ya bar ta sai ma'aunin ya yi ƙasa, har ta kamu da ciwo.

Ku lura da nan, ya ku bayin Allah. A shekarun farko na wannan wasa, lambar ƴar tsana guda shekara ɗaya kawai take buɗe wa yaro ƙofa. Idan shekara ta cika, sai mahaifi ya sake sayen wata, in ba haka ba a rufe wa yaro hanyar zuwa ga dabbar da ya shaƙu da ita. Kuma kamfanin yakan daina ƙera wasu nau'o'in, sai su yi wuyar samu, masu tarawa su riƙa rige-rigen sayensu da tsada. Daga baya an sassauta sharaɗin shekarar, an buɗe hanyar shiga kyauta, amma tare da wani matsayi na musamman ga wanda ya biya. A 2020 kuma suka fitar da sabon salonsa.

Ita ƴar tsanar mai lamba ba ta zama ruwan dare a kasuwanninmu ba. Abin da ya iso mu shi ne ƴan'uwanta na cikin waya, irin su Pou da ya fito a 2012 da My Talking Tom da ya fito a 2013, waɗanda ake saukewa ba tare da biyan ko dala ba. Sai dai Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ba ka wasa kyauta, to da tallace-tallacen da yake nuna wa ɗanka, da abubuwan da yake sayarwa a ciki, da su yake mai da kuɗinsa.

MUSULUNCI BAI HANA YARO WASA BA

Wajibi ne mu yi adalci, kada mu haramta abin da Allah bai haramta ba. Ya tabbata cikin Sahihul Buhari cewa Uwar Muminai A'isha (R.A.) tana wasa da ƴan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (S.A.W.), bai kuwa hana ta ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya taɓa ganin wani doki mai fukafukai na ƙyalle cikin kayan wasanta, ya tambaye ta, ta kafa masa hujja da dawakin Annabi Sulaimana (A.S.), sai ya yi dariya. Haka nan sahabiya Rubayyi'u ƴar Mu'awwizu (R.A.) ta ba da labarin cewa a ranar Ashura sukan yi wa yaransu abin wasa da gashin tumaki, idan yaro ya yi kukan yunwa sai a ba shi ya shagala har lokacin buɗa baki.

Saboda waɗannan dalilai ne malamai da yawa, cikinsu har da Alƙali Iyal, babban malamin mazhabarmu ta Malikiyya, suka togace ƴan tsanan yara daga hanin da ya zo a kan surori. Hikimar da suka ambata kuwa ita ce, yarinya tana koyon reno da kula da gida tun tana ƙarama. Mu ma nan ƙasarmu mun tashi mun iske ƴan mata suna goya ƴar tsana ta kara ko ta ƙashi, yara maza suna gina shanu da raƙuma na laka a bakin tabki.

To ku dubi manufar wasa a wurin magabata. Abin wasan Ashura an yi shi ne don ya taimaki yaro a kan ibada. Ƴar tsana an bar ta ne don ta koya wa yarinya jin ƙai. Ke nan ƙyallen da audugar ba su ne abin tuhuma ba. Abin tambaya shi ne: wannan wasa, ina yake jan zuciyar yaro, kuma wa yake cin ribarsa?

INDA ƁARNAR TAKE

Na farko, an mai da tausayin yaro ƙugiya. Allah ya halicci yaro da taushin zuciya. Idan ya ga abu yana kuka sai ya ji ba zai iya barinsa ba. Masu ƙera waɗannan wasanni sun san haka, sai suka gina cinikinsu a kansa. Ƴar tsanar kara ba ta kiran yarinya da dare. Idan an ajiye ta, ta ajiyu. Amma dabbar waya tana aiko da saƙo cewa tana jin yunwa, tana kewar mai ita. Sai yaro ya ji nauyin haƙƙin da babu shi, ya tashi ya biya wa hoto bukata, alhali ga mahaifiyarsa tana kiransa bai ji ba.

Na biyu, koyar da tarawa da alfahari. Wasan da aka gina shi a kan cewa mai dabba goma ya fi mai dabba ɗaya, kuma wadda ta yi wuyar samu ta fi daraja, yana dasa wa yaro ciwon nan da Allah ya zarga cikin Suratut Takasur, wato shagala da gasar yawan abin mallaka har mutum ya iske kansa cikin kabari. Yaron da ya saba tun yana shekara bakwai cewa farin ciki yana cikin abu na gaba da bai saya ba tukuna, yaushe zai san daɗin wadatar zuci? Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne.

Na uku, almubazzaranci. Suratul Isra'i ta danganta masu watsa dukiya a banza da ƴan'uwantakar shaiɗanu. Jikka ɗaya ko biyu da ake zubawa kullum a sayen intanet don a ciyar da kyanwar da ba ta cin abinci, idan aka tara ta wata guda, ta isa ta sayi tiyoyin hatsi ga maƙwabcin da ya kwana da yunwa ta gaske.

Na huɗu, ƙamshin caca. Da yawa cikin waɗannan wasanni suna da faifan sa'a da yaro ke juyawa kullum ya ga abin da zai faɗo masa. Idan ba a sa kuɗi ba, ba za mu ce caca ce kai tsaye ba, amma tana saba wa zuciya da jiran rabo ba tare da aiki ba, sabo kuwa turken wawa ne. Idan kuwa aka biya kuɗi na gaske don buɗe akwatin da ba a san abin da ke cikinsa ba, to wannan ya shiga garari da caca waɗanda Shari'a ta hana. Ko waɗanda ba Musulmi ba sun gane haka: a 2018 hukumar da ke sa ido a kan caca a ƙasar Beljik ta yanke cewa irin waɗannan akwatunan sa'a na kuɗi da ke cikin wasu wasanni caca ne.

Na biyar, sirrin iyali. Yaro yakan rubuta sunansa da ranar haihuwarsa a wuraren da bai san wanda ke riƙe da su ba. A 2022 ɓarayin intanet sun kutsa cikin Neopets suka kwashi bayanan masu rajista kimanin miliyan 69.

RAHAMA GA MAI RAI AKE YIN TA

Ya ku ƴan'uwa, addininmu ya ɗaukaka sha'anin tausaya wa dabba. Manzon Allah (S.A.W.) ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ya ba mu labarin mutumin da Allah ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma ya sanar da sahabbai cewa akwai lada cikin kyautata wa duk wani mai rai. Ladar tana rataye ne da rai, domin mai rai shi ke jin zafin yunwa da sanyin ruwa. Hoto ba ya jin ko ɗaya.

Ku tuna kuma da Abu Umairu, ƙanen Anas ɗan Maliku (R.A.). Yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, sai tsuntsun ya mutu. Annabi (S.A.W.) ya gan shi cikin damuwa, ya kira shi da alkunyarsa, ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha. Shugaban halitta bai raina baƙin cikin yaro ba. Saboda haka, ya kai mahaifi, idan ka iske ɗanka ya shaƙu da dabbar waya, kada ka fizge da zagi da duka. Tausayin da ka gani a gare shi alheri ne. Wurin da ya zuba shi ne ba daidai ba. Aikinka shi ne ka karkatar da ruwan zuwa ga shuka.

Mu kuwa Allah ya yi mana baiwar da yaran manyan biranen Turai da Amurka da yawa ba su samu ba. Kusan babu gidan da ba a rasa akuya, ko kaji, ko tantabaru, ko ragon layya a turke. Ka ba yaro ƴar akuya ka ce tasa ce. Shi zai kai mata ruwa da harawa da dussa, shi zai share mata wuri. A nan zai koyi cewa sakaci yana da sakamakon da ba a gyara shi da danna waya, zai koyi haƙuri har ta haihu, kuma kowane ruwa da ya ba ta ana rubuta lada.

ABIN DA YA HAU KAN IYAYE

Allah ya umurce mu cikin Suratut Tahrim da mu tsare kanmu da iyalanmu daga wuta, kuma Annabi (S.A.W.) ya bayyana cewa kowanenmu makiyayi ne da za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Abin kunya ne a ce yaro yana duba yunwar hoto sau biyar a yini, mahaifinsa kuwa bai duba sallar yaron ko sau ɗaya ba. Don haka:

1. Kada ka miƙa wa yaro waya sai ka zauna ka ga wasan da idonka, da irin tallar da ke fitowa cikinsa.
2. Ka yanka masa lokaci sananne, kada ya ci lokacin salla, ko na makarantar allo, ko na lakkol, ko na barci.
3. Ka kashe saƙonnin da wasan ke aikowa, don kada ya zama shi ke kiran yaro.
4. Kada ka bar hanyar biyan kuɗi a buɗe cikin wayar da yaro ke riƙewa, kuma kada ya rubuta sunansa ko ya sa hotonsa ba da saninka ba.
5. Idan za ka sai masa abin wasa, ka sai wanda ake biya sau ɗaya a gama, ba wanda zai riƙa neman ɗan'uwansa ba.
6. Ku iyaye mata, kada a mai da waya mai reno saboda a samu sararin aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Muna roƙon Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya sanya su sanyin idanunmu, ya cika zukatansu da jin ƙan bayinsa, ya tsare su daga fitinun zamani na fili da na ɓoye. Allah ya ba mu ikon sauke amanar da ya ɗora mana, ya gafarta wa iyayenmu da malamanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.