Wa Ya Tsufa, Jarumin Ko Mai Kallo?

'Yar'uwa, ina da wata tambaya da nake so mu tattauna a kanta a wannan ɗan shafi. Idan kika ƙaunaci abu tun kina ƙarama, sannan kuka rabu shekara da shekaru, ya dawo miki ba yadda kika san shi ba, shin kina da hakkin yin fushi da shi? Kada ki yi saurin amsawa, bari in ba ki labarin wasu mutane a Amurka da wannan tambaya ta raba kawunansu, kuma a kan fim ne kawai.

A shekarar 1981 aka fitar da wani fim mai suna Raiders of the Lost Ark. George Lucas ne ya ƙirƙiro labarin, Steven Spielberg ya ba da umarni, Harrison Ford kuma ya fito a jarumi, a lokacin yana da shekara 38. Sunan jarumin Indiana Jones, malamin jami'a ne mai tono kayan tarihi. In ya ajiye alli sai ya ɗauki malafarsa da bulalarsa da rigar fata, ya shiga duniya, yau yana cikin kogo, gobe yana dambe da sojojin Hitila a kan mota tana gudu. Ba ya tsoron komai sai maciji. Fim na biyu ya fito a 1984, wanda a cikinsa Amrish Puri, wannan dai mugun na finafinan Indiya da kika sani, ya fito a matsafi mai zaro zuciyar mutum daga ƙirji. Na uku ya fito a 1989, Sean Connery ya fito a mahaifin jarumin, aka ƙare fim ɗin suna bisa dawakai sun nufi mafaɗar rana. Kowa ya ce shi ke nan, labari ya ƙare lafiya.

Sai da aka shekara 19 cur sannan na huɗu ya fito, a 2008, mai suna Kingdom of the Crystal Skull. A lokacin Harrison Ford yana da shekara 65, kai ya yi fari. Yaran da suka kalli na farko da gajeren wando sun zama magidanta, suka yi tururuwa zuwa silima, har fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 790 a duniya. Amma da aka fito, sai baki ya rabu biyu. Wasu suka ce sun ji daɗin sake ganin tsohon abokinsu. Wasu kuwa suka tayar da jijiyar wuya, suna cewa an ci amanarsu, an ɓata musu ƙuruciyarsu.

Me suka riƙe? Babban abin shi ne wani waje da jarumin ya tsinci kansa a filin gwajin bam na nukiliya a hamadar Nebada, ya shige cikin firij mai rufin dalma, bam ya tashi, ya yi cilli da firij ɗin can nesa, ya fito da ransa yana kakkaɓe ƙura. Abin ya ba su haushi har ya zama karin magana a bakinsu: duk fim ɗin da ya wuce gona da iri sai su ce ya kai ga firij. Suka kuma ƙi ƙarshen labarin, inda aka nuna cewa ƙoƙon kan da ake ta nema na wasu halittu ne da ba na wannan duniya ba. Sannan ga ɗan jarumin yana lilo a kan igiyoyin kurmi tare da birai, abin da kowa ya ga aikin kwamfuta ne.

To ni dai a ganina dole a raba ƙorafin nan gida biyu, domin akwai na gaskiya, akwai kuma na son zuciya.

Na gaskiyar shi ne wanda ya ce aikin bai yi kyau ba. Mai kallo ya biya kuɗinsa, ya ba da lokacinsa, yana da damar ya ce miya ba ta ji gishiri ba. Shi kansa Spielberg ya faɗa a 2011 cewa batun halittun nan bai kwanta masa ba tun farko, ya bi ra'ayin abokinsa Lucas ne. Ƙauna ba ta wajabta wa mutum ya yaba abin da bai yabu ba. Hasali ma wanda ya riƙe amanar zukatan mutane shekara 19, nauyi ne a kansa ya dawo musu da abin kirki ko ya bari. Idan kwaɗayin kuɗi ne kawai ya sa aka tono labarin da ya riga ya kwanta lafiya, to masu kallo ba su yi laifi ba da suka faɗa.

Amma fa ki duba ɗaya gidan. Mutumin da ya ce ba zai yiwu a tsira a cikin firij ba, shi ne dai ya tafa a 1984 lokacin da jarumin ya faɗo daga jirgin sama a cikin kwalekwalen roba, ya dira kan dutse mai ƙanƙara, ya gangara cikin kogi, ko ƙwarzane bai yi ba. Shi ne ya yarda da mutumin da aka cire wa zuciya bai mutu nan take ba. Shi ne ya yarda da tsohon sojan da ya zauna gadin wani ƙoƙo cikin kogo shekara wajen 700 a fim na uku. Ƙaryar dai iri ɗaya ce, ba ta ƙaru ba. Me ya sa ta dā ta yi zaƙi, ta yanzu ta yi ɗaci? Amsar ita ce mai kallon ya canza. Dā yana da shekara 10, yanzu yana da 37, da kuɗin haya a wuyansa da ciwon baya. Ya shiga silima yana neman wannan yaron da yake a dā, bai same shi ba, sai ya huce a kan fim. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Shi wannan bashi ne da babu mai iya biya. Babu daraktan da zai mayar wa mutum da ƙuruciyarsa, ko nawa ya kashe. Kuma ki lura, 'yar'uwa, wannan hali bai tsaya a kan fim ba. Ke nawa kika ji labarin maigidan da ke cewa matarsa ba kamar dā ba, alhali ita ce ta haifa masa biyar, ta yi raino, ta sha hayaƙin murhu, shi kuma bai dubi nasa tumbin da saiƙo a madubi ba? Ko ƙawar da kuka rabu tun makaranta, ta dawo tana jin haushi don ba ki da lokacin hira har dare irin na dā? Duk tafiyarsu ɗaya da masu fushi da furfurar jarumi. Suna son hoton da suka ajiye a zuciya, mutumin da ke gabansu kuwa sun ƙi kallonsa.

Akwai wani abu a wancan fim na 2008 da masu surutun firij suka tsallake, ni kuwa shi ya fi burge ni. An dawo da Marion, budurwar jarumin ta fim ɗin farko, kuma Karen Allen ɗin dai ce ta fito, wadda take da shekara 29 a 1981, a 2008 kuma tana da 56. Masu fim ba su nemo masa yarinya sa'ar jikarsa ba, kamar yadda aka saba. Tsoho ya koma ga tsohuwar zumarsa, suka yi faɗansu irin na dā, ya gane ɗan da ta haifa nasa ne, aka ƙare da ɗaurin aure. Ashe da tsohuwar zuma ake magani.

Ba a tsaya nan ba. A 2012 kamfanin Disney ya sayi kamfanin Lucas, a 2023 kuma aka fitar da na biyar, Dial of Destiny, James Mangold ya ba da umarni, Harrison Ford yana da shekara 80. A farkon fim ɗin an yi amfani da kwamfuta an mayar da fuskarsa ta saurayi na fiye da minti 20, wato an ba masu kallo abin da suke ta kuka a kai. Duk da haka wasu suka ce fuskar ta yaro ce, muryar ta tsoho. Daga nan aka nuno shi a 1969, dattijo shi kaɗai a ɗaki, zai yi ritaya, ɗansa ya rasu a yaƙin Biyetnam, baƙin ciki ya raba shi da matarsa. Wannan karon kasuwa ba ta yi ba, kuɗin da ya tara bai kai dala miliyan 400 ba, ga kuma maƙudan da aka kashe. Mutane da yawa ba su son ganin gwarzonsu yana ɗingishi.

Sai dai ƙarshen wannan fim ya yi magana da su kai tsaye. Wata na'ura ta jefa jarumin fiye da shekara 2,000 baya, zamanin da ya ƙare rayuwarsa yana karantawa, sai ya ce shi a bar shi a can, ba abin da ya rage masa a zamaninsa. Helena, 'yar amininsa, ta ƙi. Ta naushe shi ya suma, ta dawo da shi gida, ya farka ya tarar da Marion ta dawo. Wato ko shi jarumin ba a yarda ya zauna a jiya ba, balle mai kallo.

Wata za ta ce, to ai da sun bar shi tun 1989 a kan dokinsa, da ya fi mutunci. Wannan magana tana da ƙarfi, domin sanin lokacin sauka daga fage hikima ce, kuma laifin daɗi ƙarewa. Amma ina tambaya: mutuncin wa muke karewa, nasa ko jin daɗinmu? Idan muka ce jarumi ba zai bayyana ba sai yana da ƙarfin damtse, to mun yanke hukunci cewa labarin mutum yana ƙarewa ne ranar da kyansa ya fara dusashewa. Wannan hukunci kuwa mu mata ya fi cutarwa, domin a kanmu aka fi yanke shi. Kuma finafinan farko guda uku suna nan yadda suke, na baya bai goge ko minti ɗaya daga cikinsu ba. Wanda ya ce an ɓata masa ƙuruciya, ƙuruciyarsa tana nan inda ya bar ta, komawa ce ba ya iya yi.

Don haka amsata ga tambayar da na fara da ita ita ce: kina da hakkin ki ce aiki bai yi kyau ba, ki kuma faɗi dalili. Ba ki da hakkin ki tuhumi abu ko mutum don kawai shekaru sun bi ta kansa, tunda sun bi ta kanki ke ma. Kafin ki yanke hukunci a kan tsohon masoyi, ko tsohuwar ƙawa, ko littafi na uku da kika daɗe kina jira, ki tsaya ki tambayi zuciyarki: abin ne ya lalace, ko kuwa ni ce nake neman jiya a cikin yau? In na farko ne, ki faɗa ba tsoro. In na biyu ne, ki yi masa adalcin da za ki so a yi miki ranar da furfura ta fito miki, domin zamani riga ne, kowa zai saka tasa.

Sai mun haɗu a shafi na gaba.