Alherin Ganin Ido

A shekarar 2006, Melissa Bateson da abokan aikinta a Jami'ar Newcastle ta Ingila sun wallafa sakamakon wani ɗan gwaji. A ɗakin shan shayi na ma'aikata akwai akwatin da kowa ke jefa kuɗin abin da ya sha, babu mai tsaro. Sai suka riƙa manna hoto a saman takardar farashi, wannan mako furanni, mako na gaba idanun mutum. A makonnin idanu, kuɗin da aka jefa ya kusan ninka na makonnin furanni sau uku. Nazarce-nazarcen baya sun nuna cewa tasirin hoton ido bai kai yadda aka fara zato ba, amma tambayar da gwajin ya tayar tana nan: alherin da ido ya jawo, alheri ne ko tsoro?

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta wasa da ido. Jariri ɗan kwana biyu zuwa biyar ya fi daɗewa yana kallon fuskar da ta zuba masa ido a kan wadda ta kau da kai, kamar yadda Teresa Farroni da abokanta suka nuna a 2002. Farin da ya kewaye ƙwayar idonmu, wanda ya fi na birai fitowa fili, yana fallasa inda hankalinmu ya karkata. Can cikin ƙwaƙwalwa kuma akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, mai faɗakarwa kan haɗari. An yi nazarin wata mata da wannan sashe nata ya lalace, aka ga ba ta gane tsoro a fuskar mutane domin ba ta duban idanunsu. Da aka umarce ta ta duba, sai ta gane. Ke nan kafin mu auna riba da asara, ido ya riga ya sa baki a shawarar.

Bahaushe yana da suna ga irin wannan aiki, wato ganin ido, kuma ba yabo ba ne. Aflatun ma ya kawo labarin zoben Gyges mai ɓatar da mai shi daga gani, domin ya tambaya ko adali zai zauna kan adalcinsa idan ya tabbata babu mai ganinsa. In da idon mai tsaro ne kaɗai ke gyara mu, da na yarda cewa kirkinmu ciniki ne kawai, muna sayen mutunci da kuɗin shayi.

Sai dai ina ganin ido iri biyu ne. Akwai wanda ke kallona, akwai kuma wanda nake kallo. A gwajin da Stanley Milgram ya fara a Jami'ar Yale a 1961, an umarci mutane su jona wa wani baƙo lantarki, ba su san cewa na ƙarya ba ne. Lokacin da baƙon yake wani ɗaki, kashi 65 cikin ɗari sun bi umarni har ƙarshe. Da aka zaunar da shi a gabansu, adadin ya sauka zuwa kashi 40. Mai ba da umarnin yana nan, idonsa a kansu, kuma ci gaba yake so su yi. Waɗanda suka ƙi, ganin azabar ɗan'uwansu ne ya tsayar da hannunsu, har suka saɓa wa mai iko. Wannan ba neman suna ba ne.

Shi ya sa zamaninmu ke ba ni tsoro. Jami'in da ke soke sunan gwauruwa daga jerin masu tallafi lamba kawai yake gani a kwamfuta. Mai harba makami daga jirgi maras matuƙi ɗigo yake gani a allo. Mai zagi a intanet bai taɓa ganin hawayen wanda ya zaga ba.

Hukuncina shi ne kada a raina alherin ganin ido, domin a nan tarbiyya take farawa, kamar yaron da ke gyara zama idan uwa ta harare shi. Amma wanda ya tsaya a nan bai girma ba. Cikar mutum ita ce ya iya tuno fuskar wanda hukuncinsa zai shafa alhali ba ta gabansa, ya dube ta, sannan ya sa hannu a takardar.