Shin Ƙwazo A Aikin Azzalumi Abin Yabo Ne?

Hausawa kan yaba wa bara mai ƙwazo da biyayya, har su ce wane ɗan halas ne, ba ya cin amanar ubangidansa. Tambayar da wannan maƙala take son dubawa ita ce, shin wannan yabo yana nan daram ko da ubangidan azzalumi ne? Domin mu sami abin auna maganar, bari mu ɗauki tarihin jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa waɗanda Jamus ta ƙera, samfurin da ake kira na VII, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Jamusawa sun ƙera wajen 700 na wannan samfuri, kowanne yana ɗaukar mutum 44 zuwa 52. Aikinsu shi ne nutsar da jiragen da ke kai wa Ingila abinci da mai da makamai, don yunwa ta sa ta miƙa wuya. Ranar 3 ga Satumba 1939, wato ranar da Ingila ta shiga yaƙin, U-30 ya nutsar da jirgin fasinja Athenia, mutum fiye da 100 suka halaka. A watan Oktoba na shekarar, U-47 ya saci jiki ya shiga matsayar jiragen yaƙin Ingila ta Scapa Flow, ya nutsar da Royal Oak, sojoji fiye da 800 suka mutu. A 1941 kuwa U-69 ya zo har gaɓar Afirka ta Yamma, ya dasa nakiyoyi a bakin tashoshin Takoradi da Ikko.

To, karen bana shi ke maganin zomon bana. Da abokan gaba suka warware asirin saƙonnin Jamus, suka kuma ƙaro jiragen sama masu na'urar gano abu daga nesa, sai reshe ya juye da mujiya. A watan Mayu 1943 kaɗai Jamus ta yi asarar jiragen ƙarƙashin ruwa wajen 40, cikinsu har da U-954 wanda ɗan shugaban rundunar, Karl Dönitz, ya mutu a ciki. Daga cikin mutum kimanin 40,000 da suka fita yaƙi a rundunar, wajen kashi uku cikin huɗu ba su komo gida ba. Bayan yaƙi Ingila ta ja jirage 116 da suka miƙa wuya ta nutsar da su a teku, daga ƙarshen 1945 zuwa farkon 1946.

Akwai kaɗan da makomarsu ta bambanta. Ingila ta kama U-570 a 1941, ta sake masa suna Graph, ta juya shi kan masu shi. U-995 ya koma hannun Norway, ƙasar da Jamus ta mamaye a 1940, ya yi mata aiki shekaru, sannan aka mayar da shi Jamus. Tun 1972 yake ajiye a bakin teku a Laboe, jama'a suna shiga kallo. Shi kaɗai ya rage a samfurin.

A nan mai karatu zai lura cewa ƙarfe ba shi da ubangida. Duk wanda ya riƙe shi, shi yake bauta wa, saboda haka ba a yaba masa, ba a kuma zarginsa. Mutum kuwa yana da hankalin da zai tambayi amfanin aikin da aka sa shi. Idan ya ce shi umarni kawai ya bi, ya mayar da kansa ƙarfe ke nan, wanda kuma ya zaɓi matsayin ƙarfe don ya tsira daga zargi, ya sallama haƙƙinsa na yabo.

Wani zai ce, ai yawancinsu samari ne 'yan shekara ashirin, kuma ƙin umarni mutuwa ne. Wannan gaskiya ne, domin a 1944 an harbe wani kwamandan jirgi, Oskar Kusch, saboda ya soki mulkin Hitila. Wani kuma zai ce Amurka ma ta nutsar da jiragen 'yan kasuwar Japan ba tare da gargaɗi ba, kamar yadda babban hafsanta Nimitz ya shaida wa kotun Nuremberg. Wannan ma gaskiya ne. Amma hujja ta farko tana rage laifin ƙaramin soja ne, ta ɗora mafi yawansa a kan waɗanda suka tura shi. Ta biyu kuwa tana nuna cewa dabarar yaƙin ɗaya ce, don haka sai a koma ga dalilin yaƙin, dalilin Hitila kuma mamaye ƙasashe ne da kashe al'umma.

A ganina, waɗannan samari sun cancanci tausayi, jarumtakarsu kuma ba a musunta ta. Amma ƙwazo da biyayya darajarsu tana rataye ne a kan abin da aka yi musu hidima. Mu ɗalibai da muke shirin karɓar aiki a hannun wasu, ya kamata kafin mu tambayi yadda za mu ƙware, mu fara tambayar wa ƙwarewar za ta amfana, wa kuma za ta cuta.