Alkawarin Zama Wuri Guda

Wajen shekara ta 529 Waliyyi Benedict ya kafa gidan zuhudu a Monte Kasino, ƙasar Italiya. Dokarsa ta ce ɗan zuhudu ya yi alkawarin zama da 'yan'uwansa a gida guda har mutuwa. A 1098 aka kafa gidan Sito a Faransa don a tsananta bin dokar, daga nan 'yan Tirafis suka fito.

Gidansu na Tibhirin a Aljeriya yana tsakiyar Musulmi, ɗayansu ma shi ne likitan ƙauyen. Da yaƙi ya yi zafi aka ce su tashi, suka ƙi. A 1996 aka sace bakwai, aka kashe su.

To, taurin kai ne? Hausawan ƙauyukan Jazira a Sudan sun san nauyin tambayar nan, tun da yaƙi ya ci Wad Madani a Disamba 2023. Uban da ya gudu da 'ya'yansa bai yi zunubi ba, gama amanarsa ya ɗauka ya tafi da ita. 'Yan zuhudun kuwa, amanarsu ita ce maƙwabtan da ba su da wurin gudu. Kowa Allah zai tambaye shi wanda aka damƙa masa, da inda ya bar shi.