Shin Matsi Shi Ne Gyara?

'Yar'uwa, kada ki ce ina ruwan matar gida da zancen gareji. Akwai wani ɗan aiki na makanikai da nake so mu auna kanmu da shi.

A jikin injin mota akwai wani ɗan abu da ake kira tamostat. Idan inji na da sanyi yana tare ruwa, idan zafi ya kai wajen digiri 80 zuwa 90 sai ya buɗe, ruwan ya wuce lagireto ya huce. Yana zaune ne cikin wani ɗan gida na alminiyam ko na roba, wanda noti biyu ko uku ke riƙe da shi. In gidan nan ya tsage, ruwa ya dinga yoyo, inji ya yi zafi, har ya iya lalacewa.

To, ya ake canza shi? Makanike na ƙwarai ba ya taɓawa sai inji ya huce, don kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Sai ya zuƙe ruwan, ya cire tiyo, ya kankare tsohon gasket tas, ya sa sabo. Wajen ɗaure noti kuwa nan gwaninta take. Ya ɗan ja wannan, ya ɗan ja wancan, har su daidaita. In ya bar su sako-sako, yoyo zai dawo. In kuma ya danne sifana da ƙarfin tsiya, sabon gidan ya tsage a hannunsa.

Tambayata ita ce: mu da ke riƙe da yara, musamman 'ya'yan riƙo da 'yan aiki, wane irin ɗauri muke yi? Wata ta ɗauka tsawa da duka su ne tarbiyya. Yarinya ta fasa kofi, a rufe ta da faɗa tun rai na tafasa, a tono laifin bara a haɗa. Daga nan sai ta koyi ƙarya da ɓoye-ɓoye, wata ma ta gudu. Ai ta tsage kenan.

Na san za ki ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, ni ma ban ce a saki yaro ya yi yadda ya ga dama ba. Amma tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba.

Ni a ganina, ki bari zuciyarki ta huce tukuna, ki share tsohon laifi, sannan ki ja kunne daidai girman kuskuren. Kuma ki ja na ɗanki kamar yadda kika ja na ɗan wata, don noti ɗaya ba ya ɗaukar matsi shi kaɗai.