Idan Na'ura Ta Yi Kuskure, Rigar Wa Za a Riƙe?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a Karmo ko Garki ya san wannan amsar: "Alhaji, network ne." Kuɗinka sun fita, alat bai shigo ba, kuma ba rigar wanda za ka riƙe. To amma ai na'ura ba ta tsara kanta ba. Mutum ne ya zauna ya rubuta mata abin da za ta yi, har da abin da za ta yi ranar da lissafi ya karkace.

Maganar ta shafe mu yanzu, don 'ya'yanmu sun shiga sana'ar, musamman tun da Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin 3MTT a 2023. Aikin nasu kuwa irin na magini ne a tushen gida: in ya rage siminti, ba mai gani sai damina ta zo.

A Birtaniya an ga daminar. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da ɗaruruwan masu kula da ƙananan gidajen waya bisa zargin sata, saboda manhajar Horizon ta nuna giɓi a asusunsu. Wasu sun sha ɗauri, wasu sun sayar da gidajensu sun biya kuɗin da ba su ci ba. Sai a 2019 kotu ta tabbatar manhajar na da kurakurai. Kuskuren kansa bai fi ba ni tsoro ba, kowa na yi. Shekarun da aka kwashe ana cewa kwamfuta ba ta ƙarya su ne abin tsoron.

Akwai wani yaro a layinmu da ke wannan aiki. Ya ce mini kafin ya saki manhaja sai ya tambayi kansa: in wuta ta ɗauke ana tsakiyar tura kuɗi fa? In tsohuwa ta danna sau biyu? In sunan mutum na da ƙ ko ɗ? Yana barin bayani domin wanda zai gaje shi, yana ba abokin aiki ya duba masa, kuma ba ya sakin sabon abu ranar Juma'a da yamma. Mafi wuya, in ji shi, shi ne ya buɗi baki ya ce, "Oga, ni na ɓata."

Wani zai ce ana matsa wa yaran: maigida na gaggawa, albashi kaɗan, gwaji kuma na cin lokaci. Gaskiya ne, kuma mai gaggawar yana da nasa kason na alhaki. Amma ban yarda wannan ya wanke mai rubutun ba, tunda shi kaɗai ya san inda ya tsallake. Yaron layinmu dai in aka tilasta masa, yakan rubuta wa maigidan abin da ba a gwada ba, ya sa kwanan wata, ya ajiye kwafi.