Mai Tsaron Littattafai Ma Sai da Ayari



A makarantu da yawa nan Jalingo, na Islamiyya da na boko, mutum ɗaya ne ke riƙe da ɗakin karatu. Shi ke jera littattafai, shi ke rubuta sunan mai aro, shi ke kakkaɓe ƙura. Tambayarmu ta wannan Juma'a: ya ishe shi ya zauna shi da littattafansa, ko neman abokan sana'a nauyi ne a kansa?

Wani zai ce ai aikin na natsuwa ne, mai yawo ba ya tsare amana. Akwai gaskiya a ciki. Amma ku 'yan kasuwa kun fi kowa sani: wanda ba ya jin labarin kasuwa da tsohon farashi yake sayarwa, ba zai farga ba sai jari ya karye. To haka mai littattafai. In ya jibge takardu inda danshin damina ko gara za su ci su, wa zai ce masa, "Malam, ba haka ake yi ba"? Wanda ke aiki shi kaɗai, kuskurensa ba shi da mai gyara. Tunda kuwa kayan na al'umma ne, rashin tambaya sakaci ne da amana.

Mu duba Tumbuktu ta ƙasar Mali. A 2012, da 'yan bindiga suka mamaye garin, Abdulƙadir Haidara, mai kula da laburaren gidansu na Mamma Haidara, ya haɗa kai da sauran masu gadon littattafai. Suka zuba rubuce-rubucen hannu cikin akwatunan ƙarfe, aka yi ta kai su Bamako a mota da kwalekwale. A Janairun 2013 an cinna wa wasu wuta a Cibiyar Ahmad Baba, amma mafi yawa sun riga sun tsira. Shekaru kafin fitinar waɗannan mutane suna da ƙungiyarsu, sun san juna, sun yarda da juna. Ba a koyon iyo ranar ambaliya.

Mu ma muna da inda za a nufa. Ga Jami'ar Jihar Taraba a garin nan tun 2008, da ma'aikatan laburarenta. Ga Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Najeriya tun 1962, mai rassa a jihohi. Mai tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da Ajami kuma, Arewa House a Kaduna sun san hanyar adana su. Kiran waya ma wani abu ne, amma zumunta a ƙafa take.

Saura namu. Kwamitin makaranta ya ba shi rana ɗaya a wata da kuɗin mota ya je ya ga takwarorinsa, kada a ɗauka yawo ne. Alhaji mai zuwa saro Yola ko Kano, in da wuri a mota, a tafi da shi. 'Ya'yanmu ne za su buɗe waɗannan littattafai gobe.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.